Yadda Siddiƙu Ya Auna Amanar Unguwannin Gwandu

A Kalgo, a shekarun da wuri da kwabon Nasara suke cin kasuwa tare, ba mai ambaton Gwandu a gaban Siddiƙu ya ƙarasa zancensa. Siddiƙu ne zai ƙarasa masa. Ya san unguwar da ake kwana ƙofa a buɗe, ya san wadda ake sace wa mutum takalmi yana sanye da shi, ya san gidan da baƙo zai ci ya sha ya tashi da godiya kawai. Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa shiga garin, yana ƙarami, aka kai shi wurin mai maganin ido. An shiga da shi ido a ɗaure da tsumma, an fito da shi haka. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Cewa yake yi wanda ya san gari da kunne da hanci ya fi wanda ya san shi da ido, don ido ana ruɗinsa.

Surukarsa, Inna Hadijatu, ta daɗe tana cewa ba za ta ga damina mai zuwa ba. Damuna da yawa sun zo sun same ta. A bazarar wannan shekara ta ce tana so ta ziyarci hubbaren Gwandu kafin a kira ta, ga shi ba ta da kowa a garin da za ta sauka wurinsa. Tana son unguwar da ba ɓarayi, da gidan da ba za a sa mata ido a kan abin sallama ba ranar tashi. Siddiƙu ya ce wannan ai aikinsa ne tun yana yaro.

Inna tana da abu ɗaya da ba ta wasa da shi, likkafaninta. Ita ta tsinci audugar, ita ta gurza ta shiɓa, ita ta kaɗa zaren shekara da shekaru, siriri kamar gashi, sannan ta kai wa masaƙi ta zauna kusa da shi har ya gama. Fari ne tas. Tana naɗe shi cikin wani tsohon zane, duk inda za ta kwana da shi take zuwa. Dalilinta shi ne ta ga irin abin da surukai suke naɗe mutane a ciki. Yanzu yatsunta sun yi nauyi, ta ce ba na biyu.

Ba ta magana da Siddiƙu kai tsaye, don kunyar surukuta. Ko yana tsugune a gabanta, autarta Zulai, matarsa, take gaya wa, Zulai ta juya ta maimaita masa abin da ya riga ya ji.

Suka kama hanya: Inna a kan takarkarin aro, Zulai tana janye da shi, Siddiƙu da jaki, da ragon da Inna za ta yi sadaka da shi a hubbare, da kwandon busasshen kifi da za a ba duk wanda ya sauke ta. A Dalijan gwiwar Inna ta kumbura. Aka shirya ta huta, shi ya wuce ya nemi masauki, su same shi jibi da la'asar a ƙofar gari. Ɗakin da aka ba Inna a Dalijan akwai gara a bangonsa. Ta dubi bangon, ta dubi ƙunshinta, ta daɗe tana auna wanne ya fi haɗari tsakanin gara da suruki. Daga ƙarshe ta miƙa wa Zulai ƙunshin, ta ce a ce wa mijinta ya rataye shi a ɗaki mai tsabta, nesa da ƙasa.

Zulai ta raka shi bakin hanya. Ta ce, "Maigida, jaki ya ɓace, rago ya ɓace, kai ma in ta kama ka ɓace. Wanga ƙunshi dai."

Siddiƙu ya ce da tana sanin wanda take wa gargaɗi da ba ta ɓata bakinta ba.

A ƙofar Gwandu akwai wata tsamiya, a gindinta akwai tsofaffi masu tufkar igiya, waɗanda ba abin da ke shiga garin ko ya fita sai ya bi ta gabansu. Siddiƙu ya yi sallama, ya zauna, ba a tambaye shi ba ya shimfiɗa musu dabararsa. Ya ce baƙon da bai san duniya ba shi ke tambayar wace unguwa ce ta amana, sai a nuna masa unguwar wanda ya tambaya. Shi gwadawa zai yi. Ɓarawo ba ya satar abin da bai san darajarsa ba, saboda haka kowace unguwa za a jarraba ta da abin da ta fi sani: zango da jaki, mahauta da rago, malamai da abinci, marina da farin ƙyalle. Zai ajiye ya tafi, gobe ya dawo ya ga inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Sharaɗin kuwa shi ne ba zai ce ajiya ba ce, don in ka ce ajiya ko ɗan fashi zai riƙe maka saboda kunya. Batun sauƙi kuma, a ruwan maraba ake gane shi. Gidan da ya dama wa baƙo fura mai kauri yana jiran sallama mai kauri.

Tsofaffin suka ci gaba da tufka. Babbansu, wani mai farin gemu, ya ce tun da yake zaune a ƙofar nan bai taɓa jin baƙo ya zo da irin wannan ba. Siddiƙu ya ce ya sani. Sannan ya tambaye su hanyar zango, ya ce ba don bai sani ba, yana so ne ya ga ko mutanen garin suna nuna wa baƙo hanya daidai.

A zango ya sami fatoma, wato mai saukar fatake, sunansa Atiku. Siddiƙu ya wuce kai tsaye ya ɗaure jakinsa a layin jakunan da aka jera wa akumari. Atiku ya zo ya duba haƙoran jakin, ya shafa bayansa, ya tambaya ko ya saba da doguwar hanya. Siddiƙu ya ce jakin nan sai ya je Gwanja ya dawo bai nemi ruwa ba. Aka kawo fura mai kauri da nono. Ya shanye, ya ƙudurta a ransa cewa nan da tsada, ya ce surukarsa za ta iso jibi da la'asar, ya ja rago ya tafi.

A unguwar mahauta ya zaɓi gidan wani Haruna, don turken ƙofar gidansa ya fi na kowa ƙarfi. Bai tsaya ya yi tunanin abin da ya sa ba ciyawa ko ɗaya a gindin turken ba. Haruna ya matsa gadon bayan ragon, ya ɗaga wutsiyarsa, ya tambaya ko nasa ne, ba rigima a kansa. Siddiƙu ya ce ba rigima, kuma ya ƙalubalanci duk mahautan Gwandu su nuna masa rago mai kitsen wannan. Haruna ya ce za a gani. Nan kunu aka ba shi. Ya sha, ya faɗi ranar isowar surukarsa, ya wuce.

A unguwar malamai ya dire kwandon kifi a gaban wani Malam Khalilu, ya ja baya ya tsuguna. Malam ya dubi kwandon, ya tambaye shi wace buƙata ce ke tafe da shi. Siddiƙu ya ce wata tsohuwa ce, surukarsa, tana zuwa jibi, kuma tana cewa ba za ta ga damina ba. Malam ya gyaɗa kai, ya ce Allah mai iko ne a kan komai. Ruwan randa zalla aka kawo. Siddiƙu ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce a ransa ga sauƙi, saura amana.

Marina ya bari ƙarshe, don nan ne babbar jarrabawa. Ya ɗora jaki da rago da kifi a kan mizani, amma ƙunshin Inna shi ne zai raba gardama. Ya iske wani Jibrin, mai hannuwa shuɗi har gwiwa, zaune a zauren da aka tara ƙunshe-ƙunshen fararen kaya a gefe ɗaya. Siddiƙu ya ɗora na Inna a saman tarin, don Inna ta ce nesa da ƙasa. Jibrin ya goge hannunsa, ya buɗe gefen ƙunshin, ya murza ƙyallen da yatsa biyu. Daga nan ya tambayi wanda ya kaɗa zaren. Siddiƙu ya ce na gida ne, irinsa gare su da yawa. Jibrin ya tambayi yaushe ake so. Siddiƙu ya ce mai shi za ta iso jibi.

Jibrin ya ce, "Jibi ya yi kusa ga irin wanga zare. Amma mu yi ƙoƙari."

Siddiƙu ya sha ruwa ya fito yana murmushi. Da ya koma gindin tsamiya ya gaya wa tsofaffin cewa marini da bakinsa ya amsa cewa da ƙoƙari zai iya riƙe amana zuwa jibi. Mai farin gemu ya tambaye shi inda ya ɗaure ragon. Da ya faɗa, tsohon ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi igiyarsa. A rumfar masallacin ƙofa Siddiƙu ya kwana, don kada kwana a wani gida ya karkata masa hukunci.

Da hantsi ya fara zagaye daga unguwar malamai. Tun daga nesa ya ji ƙamshi. Malam Khalilu ya tarbe shi da fara'a, aka kawo tuwo da miyar kifi. Siddiƙu ya ci ya suɗe hannu, ya ce shi mutumin bakin gulbi ne amma dole ya faɗi gaskiya, kifin Gwandu ya fi na Kalgo. Malam ya ce cikin tawali'u ai na Kalgo ne. A lokacin Siddiƙu ya hango kwandon a lungu, kaza tana kwance a ciki. Malam ya ce sadakar ta isa kowane gida a unguwar, kuma tun asuba shi da malaman maƙwabta suke roƙa wa tsohuwar nan tsawon rai, ba za su daina ba sai ta iso. Ya ce an share mata ɗaki.

Siddiƙu ya fito yana lissafin cewa kifi dama na mai masauki ne, abin da ya faru kawai shi ne an riga an zaɓi mai masaukin ba da saninsa ba.

A ƙofar gidan Haruna turke yana nan, igiya tana nan. A gefe an shanya fata a rana, an kafe ta da tsinke, tana da baƙin tabo a kafaɗa inda ragon Inna yake da shi. Haruna ya fito yana yabon kitsen, ya ce Siddiƙu bai yi ƙarya ba, kafin rana ta take tsaka nama ya ƙare. Ya miƙa masa jakar wuri, ya ce ga abin da aka samu, ya cire ladansa kamar yadda aka saba, kai da ƙafa kuwa ya ajiye za a dafa wa baƙuwarsa gobe. Siddiƙu ya tambaya wa ya ce a yanka. Haruna ya nuna turken, ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa ɗaure dabba a nan don ta sha iska ba. Sannan ya kawo masa tsire. Siddiƙu ya ce ba zai ci ba. Da ya tuna na gidansu ne, ya ci.

A zango layin jakuna babu ko ɗaya. Atiku ya ce ayari ya tashi tun da sassafe zuwa Jega da kanwa, jakin yana ciki, zai dawo bayan kasuwa tare da kuɗin sufurinsa. Siddiƙu ya fara ɗaga murya. Atiku ya ce, "Kai kac ce har Gwanja shina zuwa. Ni Jega kaɗai nit tura shi, don tausayi." Ya ƙara da cewa ya ware wa surukar ɗaki nesa da jakuna.

Siddiƙu ya tsaya a tsakiyar zango. An ga leɓensa yana motsi: jaki a wurin masu jakuna, rago a wurin mahauta, fari a wurin marina. Sai ya tattare rigarsa ya sheƙa a guje. Bai san hanya ba, ya bi ta unguwar malamai sau biyu, Malam Khalilu yana ɗaga masa hannu kowane wucewa.

Ya iso karofi daidai lokacin da Jibrin yake ɗago ƙyallen daga ramin baba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san kaya kore suke fitowa, sai iska ta buge su su juye shuɗi. Siddiƙu ya tsaya yana kallo koren yana juyewa a gaban idonsa. Jibrin ya sake tsoma shi. Siddiƙu ya durƙusa a bakin ramin ya zura hannu biyu har kafaɗa, ya kamo gefe ɗaya, Jibrin ya riƙe ɗaya gefen. Sauran marina suka ajiye sandunansu suka zo kallo.

Siddiƙu ya ce, "Likkafani ne."

Jibrin bai saki ba. Ya ce da an faɗa jiya da ya rataye shi a ɗakin uwarsa. Siddiƙu ya ce wane irin mutum ne zai ga farin abu ya hau rina shi. Jibrin ya ce marini. Siddiƙu ya tambaya me ake yi ya koma fari.

Jibrin ya ce, "A kaɗa wani."

Siddiƙu ya ce a ba shi haka nan. Jibrin ya ce kaya ba su taɓa fita daga raminsa rabi da rabi ba, balle zare irin wannan, sai ya gama shi an kai mabuga, sannan ya kai wa mai shi da hannunsa. Ya ba shi tsohon zanen da aka naɗo shi a ciki, ya ce wannan dai bai taɓa shi ba.

Sauran yinin Siddiƙu ya yi shi a bakin rafi. Ya dirje hannuwansa da yashi, ya bi da toka, ya bi da lemun tsami. Shuɗin ya ƙara haske. Da ya haƙura ya shiga kasuwa da jakar wurin Haruna, ya sayi akoko, farin yadin Nasara mai ƙanshin kanti, ya naɗe shi cikin tsohon zanen Inna, ya ɗaure kamar yadda ya tuna ɗaurinta. Ya zura hannuwansa cikin riga ya koma gindin tsamiya.

Mai farin gemu ya tambaye shi sakamakon gwaji. Siddiƙu ya ce duk unguwannin huɗu sun ci, ba inda aka saci ko tsinke. Tsohon ya ce haka ne. Ya tambaye shi ko zazzaɓi yake ji, da ya ɓoye hannu a wannan zafi. Siddiƙu ya ce haka manyan Kalgo suke zama.

Washegari tun kafin la'asar ƙofar gari ta fara cika. Atiku ya zo da mutanen zango da ƙwaryar fura. Haruna ya zo da akushin kai da ƙafa. Malam Khalilu ya zo da dattawan unguwarsa. Kowannensu ya gai da Siddiƙu a matsayin baƙonsa, kowannensu ya ji sauran sun yi haka. A Gwandu, wanda ya sha ruwan zaurenka ya ajiye kayansa a gidanka baƙonka ne. In ya kwashe ya koma wani gida, unguwa za ta so ta ji abin da ka yi masa. Atiku ya ce furarsa aka fara sha. Haruna ya ce shi an zubar da jini a ƙofar gidansa. Malam ya ce shi ba ya gardama, amma an share ɗaki kuma mata sun sani. Suka juyo ga Siddiƙu ya raba. Siddiƙu ya ce har yanzu yana nazari. Masu wucewa suka tsaya, masu tallan goro suka matso, tsofaffin suka ajiye tufka a karon farko tun zuwansa.

Cikin haka takarkari ya iso. Zulai ta dubi taron, ta dubi mijinta, ta dubi inda jaki ya kamata ya tsaya. Siddiƙu ya tsuguna ya gai da Inna, hannuwa cikin riga, ƙunshi a maƙale a hammata. Masu masauki uku suka yi mata maraba a tare. Kowanne ya ba da bayanin abin da aka kawo masa, dalla-dalla, a gaban jama'a, don kada a ce ya ci amana. Inna ta ji labarin kifi, ta ji na rago, ta ji na jaki yana Jega. Fuskarta ba ta motsa ba.

Ta ce, "Zulai, ce ma mijinki ya ba ni ƙunshina."

Ba a miƙa wa suruka abu da hammata. Siddiƙu ya fito da hannuwansa biyu. Sai wani daga bayan taron ya tambaya ko baƙon marini ne. Zulai ta karɓi ƙunshin ta miƙa. Inna ba ta kwance shi ba. Ta zura yatsa ɗaya ta gefen zanen, ta murza, ta kai hanci.

Ta ce, "Ce mai wanga ko tatar koko ba ni yi da shi. Ce mai ina nawa."

Siddiƙu ya fara bayani. Ya ce wa Zulai ta ce wa Inna akwai hikima a cikin lamarin, wadda sai an bi ta daga farko. Ya faro daga yadda ɓarawo ba ya satar abin da bai san darajarsa ba. Bai kai ga fura mai kauri ba jama'a suka dare, Jibrin ya shigo da abu a kan hannuwansa biyu, ya durƙusa a gaban takarkari ya warware.

Likkafanin ya rinu har ya koma baƙi, mabuga sun buge shi yana ɗaukar ido. Rana ta faɗa kansa, mata suka matso. Wani bafatake ya tambaya ko na sayarwa ne. Jibrin ya ce shi dai ya yi kuskure bisa rashin sani, yana neman gafara, amma tun da ya gaji karofin ubansa bai taɓa tsoma zaren da ya sha baba kamar wannan ba, kuma yana so ya ga hannun da ya kaɗa shi.

Inna ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta shafa shi tun daga wannan gefe har wancan. Zulai ta fara share ido da bakin mayafi. Malam Khalilu, don ya sassauta, ya yi gyaran murya ya ce fari shi ne abin so, amma rinanne ba haramun ba ne, iyakarsa makaruhi in akwai wani.

Inna ta ce, "Zulai, ce ma Malam na gode. Ce mai ban ƙare idona bisa mazari ba don in tafi cikin makaruhi."

Malam ya ce wannan ma magana ce.

Sannan ta ce a gidan marini za ta sauka, don shi kaɗai ne a garin ya tambayi wanda ya kaɗa zare. Jibrin ya kama igiyar takarkari. Sauran ukun suka ce to su fa, me za su gaya wa unguwa. Mai farin gemu ya ce abin ba wuya: tsohuwa ba ta sha ruwan kowa ba, wanda ya sha shi ne baƙo. Sai ya sauka wurin kowannensu bi da bi, ya yi sallama irin ta mutunci a kowane gida, tunda dama sai ya jira jaki. Kowa ya ce wannan adalci ne. Siddiƙu ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan.

Haka aka yi. Inna ta yi ziyararta, ta yafa rinannen ƙyallen, mata suna bin ta suna tambayar inda ta saya. Wajen sallama Siddiƙu ya bar rigarsa a zango, ya bar hularsa a unguwar mahauta, ya bar akoko wurin Malam Khalilu, wanda ya karɓa ya ƙara wa Inna addu'a. Jaki ya dawo daga Jega da gyambo a baya.

Da suka koma Kalgo, Inna ta tara 'ya'yanta ta ce rai na Allah ne, ranar da ya so zai karɓa, amma ita dai a yanzu ba ta shirya ba. Sai ta kaɗa wani. Audugar kuwa daga gonar wanda ya jawo za ta fito, kuma inda auduga take nan ake kaɗi. Ta sa aka kwaso tabarmarta da mazarinta aka kai gidan Siddiƙu, ta zaɓi inuwar da ke fuskantar wurin da yake zama ya ci tuwo. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Tun daga ranar Siddiƙu yake ɗaukar akushinsa ya fita neman zauren da zai zauna, yau wannan unguwa, gobe waccan, har ya san wanda ke da inuwa, da wanda ke da ƙuda, da wanda mai gidan yake sa hannu a akushin baƙo ba a kira shi ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Yatsun Inna sun yi nauyi, kaɗin yana tafiya a hankali, kuma duk zaren da ya fito bai kai na farko siranta ba sai ta ajiye shi gefe ta faro sabo.

Siddiƙu bai daina ba matafiya shawara ba. In aka ce za a Gwandu, sai ya ajiye akushi ya ce zango da tsada, mahauta da ƙuda, marina kuwa kada a shiga da farin abu. In aka tambaye shi wadda ta fi, sai ya ce ta malamai, ga sauƙi ga amana, kuma addu'arsu karɓaɓɓiya ce. Yakan dubi wajen gidansa in ya zo nan, ya ce shi shaida ne.